Sharhi kan wutar sola da aka kawo ƙauyenmu

Wata bakwai ke nan wani ƙaramin kamfani yana ba mu wutar sola a ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim, kuma na gamsu da aikinsa. Injin niƙan da ke bakin kasuwa ya daina shan gas, sannan allurar rigakafi tana kwana da sanyinta a firjin asibitin sha-ka-tafi. Inda suka gaza shi ne lokacin damina, domin idan hadari ya wuni a sama, batir yakan mutu kafin sallar Asuba.

Abin da ya fi damuna shi ne inda za mu kai kuka idan kuɗin mita ya yi tsada. A da, tsarin mulkin 1999 ya taƙaita ikon jihohi kan lantarki ga wuraren da babban layin ƙasa bai kai ba. Gyaran da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023 ya ɗage wannan shinge, amma hukumar kula da lantarki ta tarayya, wato NERC, ce ke sa ido har sai jiha ta kafa tata hukumar ta karɓi ragama. Ya kamata kamfanin ya rubuta bayanin hukumar da za mu kai wa kuka da Hausa a jikin rasit.