Masar ko Maroko?

Tun da na dawo Sakkwato ake ta tambayata wacce za a je, to ga abin da na gani. Wajen kuɗi Masar ta fi sauƙi, ga dalar Giza ga masallacin Azhar da aka fara ginawa a 970, amma cunkoson Alƙahira da masu talla sai haƙuri. Maroko kuwa duwatsun Atlas, mafi tsayinsu shi ne Tubkal mai mita 4,167, sanyi har ƙashi wallahi, sannan a Fas na tsaya majema ina kallon masu jima na tuna fatar jar akuyarmu da ayari ke kaiwa arewa tun da can.

Mai son tarihi da ƙaramin guzuri ya nufi Masar, mai ƙarfin hawan dutse da son aikin hannu Maroko ce tashi.