Janye tafiya a darar Turawa: Lichess da Chess.com gefe da gefe

Ɗan'uwa na Marua, ka ce jiya yatsanka ya zame, sarauniyarka ta tsaya gida ɗaya kafin inda ka nufa, ka roƙi abokin karawarka na Injamena ya bari ka janye, ya ƙi. Kana tambaya wa ke da gaskiya, kuma a wasanninmu na daren Asabar mu yarda da janyewa ko mu hana.

A Lichess, dandalin wasan darar Turawa ta intanet da Bafaranshen nan Thibault Duplessis ya kafa a 2010, akwai maɓallin neman janyewa. Kai ka roƙa, shi ya amsa ko ya ƙi, babu dole. Kowa na iya shiga saiti ya zaɓi ɗaya cikin uku: a yarda kullum, kada a yarda sam, ko a yarda a wasan zumunci kaɗai, wanda ba a lissafa maki. A gasa kuwa maɓallin ba ya nan. A Chess.com, in wasan maki ne da mutum, ka saki ka saki ke nan, da kwamfuta kuwa ana komawa baya. To a duka biyun, mutumin Injamena bai taka doka ba.

Masu hanawa suna kafa hujja da allon katako. Dokar FIDE, hukumar darar Turawa ta duniya, ita ce ka taɓa ka motsa, in gyara zaman ɗa kake so sai ka ce "j'adoube" tukuna, kalmar Faransanci da mu nan ba sai an fassara mana ba. Tafiya zarar bunu ce a wurinsu. Har yau ana tuna gasar Linares ta Sifen a 1994, inda gwanin nan Kasparov ya saki dokinsa ya sake ɗaukarsa a wasa da Judit Polgar, tana da shekara 17, kyamara kuma ta kama shi.

Amma hannu a kan katako daban, babban yatsa a kan waya daban. A Garwa cikin zafin Maris, gumi na tsiyaya, gilashin wayata da tsaga a kusurwa, na taɓa jan sarki zan yi rok, wato tafiyar da sarki ke matsawa gida biyu lokaci ɗaya don ya fake, ya tsaya gida ɗaya maimakon biyu. Ko yaro ya san ba nufina ba ne. Irin wannan, a wasan zumunci, ƙin janyewa rowa ce kawai.

Matsalar ita ce yawancin masu roƙo ba yatsa ne ya zame musu ba. Sai sun ga doki ya diro ya haɗa sarki da sarauniya suke tuna maɓallin. Wannan nadama ce, kuma wanda ya ɗana tarkon ya yi minti uku yana shirya shi. Daga nesa, ta yaya zai bambance zamewa da nadama? A wasan minti uku ma roƙon kansa yana cinye masa lokaci.

Ni shawarata, daren Asabar tunda da maki, kowa ya kulle janyewa tun daga saiti, kada a bar ƙofar rigima. Sauran ranaku a buɗe, sau ɗaya, kafin abokin wasa ya mayar da martani. Kai kuma ɗan'uwa, daina jan ɗa da yatsa. Taɓa shi, sannan ka taɓa gidan da za shi, in wasa mai tsawo ne ka kunna tabbatar da tafiya a Lichess.