Darussan tarihi na WhatsApp: na manoman Amurka sun ci kuɗinsu

Akwai wani tsohon malamin sakandare a unguwar Aboabo ta Kumasi, a Ghana, da yake naɗar darussan tarihi da Hausa yana turawa a zauren WhatsApp. Sidi 20 ake biya a wata ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, kuma duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sabon darasi yake shigowa, mai tsawon kamar minti 25. Ni direban babbar mota ne, masara nake ɗaukowa daga Ejura da Techiman zuwa Kumasi, a kan hanya nake saurare. Jerin da ya kammala kwanan nan a kan manoman Amurka ne, daga bayan yaƙin basasarsu zuwa 1896, kuma tun da na shiga zauren ban ji wanda ya kama ni kamarsa ba.

Baba Malam ba karantawa yake yi daga takarda ba, hira yake yi da kai, kuma ba ya barin lissafi sai ya zauna maka a kai. Darasin bashi shi ne gwanintarsa. Ya ce a farkon shekarun 1880 ma'aunin alkama ɗaya ya haura dala guda, amma zuwa 1894 ya sauko wajen santi 50. To manomin da ya ci bashin dala dubu lokacin tsada, awo dubu ne a kansa. Da farashi ya karye, awo dubu biyu zai noma kafin ya biya wannan bashin, ban da ruwan da ya hau kai. Bai yi lalaci ba, gonarsa ba ta ragu ba, darajar kuɗin ce ta tashi, domin tun 1873 gwamnati ta daina buga dalar azurfa yadda aka saba, ƙasar ta karkata ga zinariya, kuɗi suka yi ƙaranci a hannun mutane alhali amfanin gona yana ta ƙaruwa. Na sha jin ana cewa manomi yana noma yana talaucewa, amma sai a bakin wannan dattijo na ga ta inda abin yake shiga. A jihohin Kudu na Amurka kuma ya fi muni. Mai kanti yana ba manomin auduga abinci da kayan aiki bashi, a farashin da ya fi na mai biya hannu da hannu nesa ba kusa ba, jinginar kuma ita ce audugar da ko shukawa ba a yi ba. Kaka ta yi, a auna, a cire, a ce masa da saura. Duk wanda ya tsaya a kasuwar Ejura ya ga manomi yana sauke buhunan da tun damina aka karɓi kuɗinsu, ya san wannan fuskar.

Darasin jirgin ƙasa ya taɓa ni ta wani gefe, tunda ni ma ɗan dako ne. A garin da layin dogo ɗaya ne kawai, kamfani yana yanka kuɗin da ya ga dama, har tafiyar kusa takan fi ta nesa tsada. A Kansas a 1889 masara ta yi arhar da wasu manoma suka riƙa ƙona ta don jin ɗumi, saboda ta fi gawayin kwal sauƙi. Na ji daɗi da Malam bai yi wa masu dako kuɗin goro ba. Ya bambanta mai mota ɗaya da yake fama da tsadar mai da taya, da kamfanin da ya riƙe hanya shi kaɗai.

Daga nan ya bi yadda suka haɗa kai. Ƙungiyar Grange da Oliver Kelley ya kafa a 1867, sai ƙawancen manoma da ya taso daga Texas. Labarin buhu ya fi burge ni: a 1888 masu sarrafa algarara suka haɗa baki suka tsauwala kuɗin abin da ake naɗe auduga da shi, manoma suka ƙaurace musu, suka koma naɗewa da yadin auduga, har farashin ya sauko. Charles Macune, ɗaya daga shugabannin ƙawancen, kuma ya kawo shawarar gwamnati ta gina rumbuna, manomi ya ajiye amfaninsa, a ba shi rancen kashi 80 cikin 100 na darajarsa, ya jira kasuwa ta gyaru. Majalisa ba ta karɓa ba. Sai suka kafa jam'iyyarsu, suka taru a Omaha a 1892, ɗan takararsu na shugaban ƙasa James Weaver ya sami ƙuri'a sama da miliyan ɗaya. A 1896 suka mara wa William Jennings Bryan baya, William McKinley ya kayar da shi.

Inda nake da ƙorafi, Malam ya yi gaggawa a kan manoma baƙar fata. Suna da nasu ƙawancen tun 1886, kuma yadda aka yi amfani da launin fata aka raba talakawan Kudu ya isa darasi guda, ba minti uku ba. Abin da ya fi damuna kuma, bai ko ambaci namu ba. A 1937 manoman koko na nan Ghana sun ƙi sayar wa kamfanonin Turawa da suka haɗa baki a kan farashi, suka kuma daina sayen kayansu, har zuwa 1938. A nan Asante aka yi wani ɓangare na wannan gwagwarmaya, kuma 'yan zauren da yawa jikokin leburorin koko ne. Na tura masa saƙon murya na ce, "Baba Malam, a yi mana na koko." Ya amsa da kansa a daren, ya ce, "Ɗana, yana nan tafe, ina tattara bayanai ne."

Sautin ma yana bukatar gyara. Muryarsa tana yin ƙasa, ga ƙarar fanka a wasu darussan, in mota tana hawan tudu da lodi sai na mayar baya. Wanda zai shiga yanzu ya roƙi a turo masa jerin tun daga farko, Malam yana bayarwa ba tare da ƙarin kuɗi ba, kuma ya fara da darasin bashi, domin sauran duk a kansa suka ginu.