Kare mai fasfo: labarin hilin wasan yara daga Liyon

Assalamu alaikum Yaya, ina gajiya, ya iyali, ya jikin Inna. Mu nan lahiya lau sai sanyi da ya fara shigowa. Ranar da na turo muku hoton ɗiyarku bisa lilo ka tambaye ni wai nawa ake biya a shiga wurin, kuma wancan baƙin abu da ke bayanta kare ne ko ɗan maraƙi, na ce bari in samu ranar hutu in zauna in rubuta maka don na san halinka, in saƙon murya ya wuce minti biyu ba ka saurare.

Kare ne Yaya. Kuma ba a biyan ko dala.

Wurin sunanshi Tête d'Or, wato kan zinariya, shi ne babban jardan na garin Liyon, tun 1857 anka buɗe shi kuma girmanshi ya haura hekta 100, da tabki a tsakiya da manyan itatuwa da bencina ko'ina da famfon ruwan sha, har gidan namun daji akwai a ciki shi ma kyauta. Abin kunya, ni da anka haifa a Maradi ban taɓa taka Kure in ga raƙuman dawanmu ba, sai da na zo ƙasar Turawa na ga raƙumin dawa ido da ido. Amma can sai ranar Lahadi muke zuwa. Na kullum wani ɗan ƙarami ne a nan unguwarmu, tahiyar minti biyar da ƙafa, kuma labarinshi nake so in ba ka.

Ka ɗauka hili ne kamar rabin hilin ƙwallon da muke bugawa a unguwar Zariya muna yara. Sun raba shi. Gefe guda na yara, an kewaye da shingen ƙarfe iya ƙugu, ƙofar tana rufe kanta in ka saki, ƙasan kuma ba yashi ba ne ba siminti ba, wata roba ce mai taushi ko yaro ya faɗo daga lilo sai dai kukan tsoro. A bakin ƙofa akwai allo an rubuta shekarun yaran da kowane abin wasa ya dace da su, ga hoton kare an ja mishi jan layi. Can ɗaya gefen wani shingen ne na karnuka su kaɗai, nan ne mai kare ke kwance mishi igiya shi yi ta gudu da ƴan uwanshi. Tsakaninsu ciyawa ce da hanya, ta kowa da kowa, amma doka ta ce kare a nan sai da igiya a wuya. Jikin wani ƙarfe sun rataye akwati cike da baƙar leda, kyauta ita ma, ta kwashe kashin kare ce, da idona na ga dattijo da kwat da takalmi mai sheƙi ya duƙa shina kwasar kashin karenshi yana ɗaurewa kamar mai ƙulla gyaɗa. Wanda anka kama ya bari a ƙasa tararshi yuro 135, ka lissafa, jikka tamanin da takwas da rabi kenan da ƴan kai. Kashin kare fa.

To duk da haka kar ka ɗauka kowa na bi. Da sassafe ko da magariba in sun ga ba ƴan sandan gari sai su saki karnukan cikin ciyawa suna cin karensu ba babbaka, kuma bakin titi in ba ka kallon ƙasa za ka kai tsaraba gida a tafin takalmi, ya faru da ni sau biyu.

Watan da ya wuce ne abin ya same mu. Na ɗauko yarinyar daga lakwal, ka san nan tun shekara 3 dole ne yaro shi shiga, munka biya ta jardan ɗin tana riƙe da guntun burodi da cakulan a ciki. Ba mu kai ga ƙofar shingen ba sai ga wani kare ja, katoto, ba igiya, ya taho a guje kunnuwa na tashi. Yarinya ta ƙwalla ƙara ta zura da gudu, shi ko ganin ta gudu sai ya ƙara wuta. Ni kuma jinin Maradi ya motsa, na duƙa in ɗauki dutse. Babu dutse Yaya. Ko tsakuwa guda babu, ciyawa ce anka aske kamar kan ango. Ka san a gida duƙawar nan kaɗai ta isa, kare na ganin ka kai hannu ƙasa ya san sauran, zai naɗe wutsiya shi kama gabanshi. Wannan da ya ga na duƙa sai ya bar yarinyar ya yo kaina shina kaɗa wutsiya shina tsalle, ashe shi a duniyarshi in mutum ya duƙa ƙwallo za a jefa mishi. Haka munka tsaya ni da shi muna kallon juna, hannuna wayam, gabana na dukan uku-uku, ya shinshina wandona ya lashe burodin da ya faɗi ya zauna shina jira.

Mai shi wani saurayi ne, ya iso waya a kunne shina ce min kar in damu, wai ba ya cizo, wasa kawai yake so. Wannan maganar duk mai kare a ƙasar nan ya haddace ta kamar karatun allo. Ni faransancina in raina ya ɓaci guduwa yake, ban iya haɗa komai ba sai "yarinya ce, yarinya ce". Wata tsohuwa ce da ke zaune bisa benci da nata ɗan mitsitsin kare cikin riga ta taso ta wanke shi tas, tana nuna mishi allo da sandarta, ta ce karenshi ya san wasa ne amma ɗiyar mutane ba ta sani ba, kuma ko bai ciza ba in ya ture ta kanta ya bugi bakin hanya fa. Ya maƙala igiyar ya ba da haƙuri can ƙasa-ƙasa ya wuce.

Tsohuwar nan yanzu mun saba, ita ta koya wa yarinyar abin da ni ubanta ban sani ba. In kare ya taho kar ki gudu, ki tsaya cak kamar icce, hannuwa a jiki, kar ki zuba mishi ido, in akwai abinci a hannunki ki sake shi. Ba a taɓa karen da ba a sani ba sai an tambayi mai shi, ba a taɓa shi in yana ci ko yana barci, ba a rungumar wuyanshi ko jan wutsiya. Kwana da kwanaki tana sa ta tana yin iccen nan tana zagaya ta da ɗan karenta, har ta daina maƙale min a ƙafa. Ni ma dai na ɗauki nawa, don gaskiya laifin ba na masu kare kaɗai ba ne, akwai iyayen da ke zama bisa benci kai cikin waya yaro ya hita shinge ya je shina cusa hannu wurin karnuka, akwai kuma yaranmu ƴan Afirka da munka shayar da su tsoro, suna ganin kare sai ihu da harbin ƙafa, wanda ko karen kirki ne zai iya harzuƙa.

Daga bakinta na fara jin yadda dokar take, sauran na karanta. Kowane kare a nan sai an sa mishi lamba, wani ɗan abu ne kamar ƙwayar shinkafa da likitan dabbobi ke turawa ƙarƙashin fatar wuya, in anka ɗora na'ura sai lambar ta hito a duba a ga sunan mai shi da inda yake zaune. Tun 1999 sunka yi doka ta ware karnuka masu haɗari kashi biyu, irin su pitbul da rotwaila, waɗannan ba su hita sai da igiya da takunkumi a baki kuma babba ke riƙe su, na kashi na farko ma an hana su shiga irin waɗannan wurare gaba ɗaya. A 2008 anka ƙara cewa mai irin su sai ya samu takardar izini daga magajin gari, bayan ya yi horo an kuma duba halin karen. In kare ya ciji mutum kuwa, ko wane iri ne, sai an sanar da ofishin magajin gari, a kai shi wurin likitan dabbobi sau uku cikin kwana 15 ana duba ko shina da hauka, kuma mai shi ke ɗaukar asarar.

Abin da na gane kenan Yaya, ba wai karnukansu sun hi namu hankali ba ne, kare kare ne. Bambancin shi ne nan kowane kare akwai sunan wani a wuyanshi. A gida karen da ke yawo bayan mahauta ko bisa juji in ya ciji yaro wa za ka kama, kowa sai ya ce ba nashi ba ne, ko wanda ke zuba mishi ƙanzo kullum da dare.

Maganar kaya kuwa sai ka riƙe baki. Karnukan Faransa sun haura miliyan 7 kuma kasuwa ce guda. A babban kantin da muke sayayya layi ɗaya tun daga farko har ƙarshe abincin kare da kyanwa ne, na jariri daban na tsoho daban na mai ƙiba daban, ga sabulu ga katifa ga rigar ruwa ga ƙashin roba na tauna. Akwai masu askin kare, akwai wanda sana'arshi kenan a biya shi shi fita da karnukan mutane shan iska, akwai inshorar lahiya tasu. Ganin likitan mutane a nan yuro 30 ne kuma ana maido maka da mafi yawa, tsohuwar nan ta ce na ɗan karenta ya hi haka kuma gwamnati ba ta maido ko sisi. Ashe ma makarantar likitan dabbobi ta farko a duniya a nan Liyon anka kafa ta, 1761. Ranar nan kuma na ga abin da ya sa ni dariya ni kaɗai a hanya, wata mata da dogon kare siriri mai dogayen ƙafafu irin na Buzaye, an sa mishi rigar sanyi shina rawar ɗari, na tambaye ta ta ce min cikin alfahari sunan irinshi Azawak, daga Sahel yake. Na ce mata ai ɗan ƙasarmu ne, tare muke gudun hijira.

Na san Inna za ta tambaya batun tsarki, ka ce mata na tambayi malaminmu na nan ya ce a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, amma ni dai wandon nan sai da na wanke shi kahin in yi salla, sabo ne.

Wani abu guda da gida ya hi nan ban ɓoye maka ba. Ranar da karen nan ya biyo yarinyar akwai manya sun kai goma a wurin, ban da tsohuwar nan ba wanda ya motsa, ba mugunta ba ce, su nan ba a taɓa ɗan wani. A Maradi da kahin in juya mai shayi ya sure ta, mai kabu-kabu ya tsaya, wata uwa ta leƙo daga zaure da muciya. Yaranmu na wasa cikin yashi a tsakiyar lungu ba shinge ba roba ba allo, idon unguwa ne shingensu. Sai dai idon unguwa ba ya maganin cizon mahaukacin kare, kuma nan ne hankalina ya hi tashi in na tuna ɗiyanka. Faransa tun 2001 anka tabbatar ta rabu da cutar a dabbobin da ke yawo a ƙasa, shi ya sa su tsoronsu rauni ne kawai. Mu kuwa har yanzu tana nan, Hukumar Lahiya ta Duniya ta ce tana kashe mutum wajen dubu 59 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan huɗu cikin goma yara ne ƴan ƙasa da shekara 15, kuma in alamu sunka riga sunka bayyana sai dai addu'a.

Don haka don Allah ka tara su ka gaya musu, har da na gidan Baba ƙarami masu bin ƴan farauta. Su bar jifar kare in bai kula su ba, su koyi tsayuwar iccen nan. In ko tsautsayi ya sa ya ciji wani ko ya yakushe shi, ko da ɗan ƙarzane ne, kar yaro shi ɓoye don tsoron duka, a wanke wurin nan take da ruwa da sabulu minti 15 cur, ka duba agogo don ya hi yadda kake zato tsawo, sannan a tahi likita ranar a nemi allurar, kar a tsaya shafa toka ko jiran a ga abin da karen zai yi. In kuɗin allura ne ka kira ni ko tsakar dare.

Sai batun saƙo. Yaron nan da zai taho ƙarshen wata, kar Inna ta ba shi kilishi, ƙwacewa za su yi a hilin jirgi, an hana shigo da nama daga waje. Kare dai in shina da lambarshi da allurarshi da gwajin jini zai shigo, na nan ma har ɗan littafin fasfo gare su shuɗi, amma kilishin Maradi ba shi da biza. A sa min kuka da kuɓewa busassa da yajin nan na Inna mai citta, in da wuri a jakar a ƙara tafasa.