Bayan shekara guda da GeneratePress a shafin shagon Yaya

Yayata tana sayar da atamfa da leshi a Kantin Kwari, ni kuma ta ɗora wa aikin buɗe mata shafin intanet, don masu saye daga Abuja da Kaduna su riƙa ganin kaya da farashi ba sai an yi ta tura musu hotuna ta WhatsApp ba. Na ɗora shi a kan WordPress, manhajar gina shafukan intanet, na haɗa da WooCommerce saboda ciniki. Saura jigo, wato rigar da ake sa wa shafi; biyu na gwada, a ƙarshe na tsaya a kan GeneratePress.

Da farko ɗinkakke na saya, dala 59, irin wanda ke zuwa da samfurin shaguna birjik, ka zaɓi ɗaya ka danna, ya zuba maka komai. Gaskiya ya yi min rana. Cikin kwana uku shafi ya tsaya da ƙafarsa, hotuna na shawagi a sama, Yaya ta gani ta ce, "Kai, ƙanena, kamar na Dubai!"

Matsalar ta fito ne a wayar masu saye. A kwamfutata komai lafiya lau, amma a ƙaramar Android, ga sabis ɗin cikin kasuwa da rana tsaka, sai farin allo ya tsaya maka kana jira. Jigon ya zo da fulogin, wato ƙananan manhajojin ƙari, kusan goma da ya ce dole a girka, kuma ko shafin bai buƙaci abu ba sai wayar mutum ta sauke shi, datarsa na ƙonewa. Wata hajiya ta kira Yaya ta ce ta haƙura, a turo mata hotunan kawai.

Abin da ya fi ci min rai shi ne haruffanmu. Salon rubutun da jigon ya zo da shi ba shi da ƙ da ɗ da ɓ. Ka rubuta "ƙwarya" ko "ɗinki", sai harafin farko ya fito da wata kama daban, siriri, kamar an aro shi daga maƙwabta. Na canza salon, amma akwai wuraren da aka ɗinke shi a ciki, na warware nan, can ya ɓalle. Ranar da na yanke shawarar cire jigon kuwa, shafukan suka cika da ragowar umarninsa cikin alamar baka [kamar haka], tsirara, sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya na share.

GeneratePress kishiyar wancan ne. Idan ka girka shi, fili ne kawai: farin shafi, rubutu, sai jerin mashiga a sama. Yadi ne aka miƙo maka, kai ne tela. Akwai na kyauta a rumbun WordPress, akwai na kuɗi mai ƙarin kayan aiki, kuma yana tafiya da editan tubala na Gutenberg, wato wurin rubuta shafi da tsara shi, da WordPress ya shigo da shi a 2018, don haka abin da ka rubuta naka ne ko da gobe ka sauya riga. Na sa salon rubutu na Noto Sans, haruffan lanƙwasa suka zauna daidai da 'yan'uwansu. Gyare-gyarena na zuba su a ɗan jigo na daban, saboda kada sabuntawa ta shafe su, kuma a shekarar nan babu wadda ta taɓa min komai.

Sai dai ya ci lokaci. Mako uku na yi, da dare bayan isha'i, ina koyon CSS, yaren da ake tsara kamannin shafi da shi, ina gwada faɗin hoto da tazarar layi. Wanda bai da wannan sararin, ko yake son shafin biki ko taron da za a gama cikin wata guda, ni kaina ɗinkakken zan ce ya saya, amma ya fara buɗe samfurinsa a waya mai araha, ya kuma gwada rubuta ƙ da ɗ kafin ya biya.

Shagon Yaya na shekaru ne in sha Allahu, shi ya sa na zaɓi wahalar farko. Yanzu ita da kanta take ɗora sababbin atamfofi daga wayarta tana zaune a shago, hajiyar nan ma ta dawo, ta sayi turmi huɗu kafin ƙaramar sallah.