Brave: katun ɗin da ya yi wa uwa adalci

Na kalli Brave tare da 'yata mai shekara goma sha ɗaya, kuma ina son iyaye mata su neme shi, ko da yake ya kwana biyu. Kamfanin Pixar ne ya fitar da shi a 2012, tsawonsa minti 93, kuma shi ya ci kyautar Oscar ta finafinan katun a 2013.

A tsaunukan Sikotilan ta zamanin da labarin yake. Merida 'yar Sarki Fergus ce, gwanar kwari da baka, ga jan gashi buzu-buzu da ba ya jin mataji. Mahaifiyarta, Sarauniya Elinor, kullum cikin kwaɓarta take: zauna da kyau, rage murya, sauke bakan nan daga teburin cin abinci. Da aka tara 'ya'yan shugabannin ƙabilu uku su yi gasar harbi don neman aurenta, sai ta shiga da kanta ta kunyata su. Rigima ta kaure, ta keta kyallen bangon da uwar ta ɗinka da hoton iyalinsu, ita kuma uwar ta jefa bakanta a wuta. Merida ta gudu daji, ta karɓo kek daga wata bokanya don a sauya mata halin uwa. Elinor na ci ta rikiɗe ta zama beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai gashi da farata.

Daga nan fim ɗin ya kama ni. Na saba ganin labaran tilasta aure inda ake mai da iyaye azzalumai, amma Elinor ba muguwa ba ce. Tsoro take ji kada ƙabilun su koma yaƙi, kuma ita ma haka aka aurar da ita. Da ta zama dabba bakinta ya mutu, matar da kullum ita ke magana dole ta koma sauraro. Wurin kogin nan da Merida ke koya mata kamun kifi, tana ta yanga da kambinta kafin yunwa ta sa ta tsunduma ruwa, ya ba ni dariya, ya kuma sa ni ƙwalla. Wanda ya fi taɓa ni shi ne inda Merida ke jawabi gaban manya, uwar na ɓoye a baya tana yi mata nuni da hannu cewa a bar yara su zaɓa da kansu. Brenda Chapman, wadda ta ƙirƙiro labarin, daga zamanta da 'yarta ta samo shi, kuma alama ta nuna.

Shirmen mazan ya yi yawa, har akwai wurin da aka nuno su ta baya ba sutura, abin da ban ga amfaninsa ba. Mor'du, baƙin beyar da ya cinye ƙafar Fergus, zai firgita yaron da bai kai shekara bakwai ba. Batun bokanya kuwa, mun zauna da yarinyata mun tattauna shi, kuma fim ɗin kansa ya nuna wahala kawai tsafin ya jawo. Turancinsu na mutanen Sikotilan ne, yana da nauyi a kunne, don haka ku kunna rubutun ƙasan allo.