Zuwa Harbin da hunturu: a sauka Beijing ko Guangzhou?

Alhaji, barka da warhaka. Na ga tambayarka tun jiya. Yaronka ya samu gurbin karatu a Harbin, makaranta ta ce ya iso ƙarshen Fabrairu, ejan kuma ya kawo muku tikiti biyu daga Kano ta Adis Ababa, ɗaya zai sauka Guangzhou, ɗaya Beijing, kuma na Guangzhou ya fi sauƙin kuɗi. Kana son sanin wanne za a ɗauka. Allah ya sa albarka a karatun. Na bi duka hanyoyin biyu a lokacin sanyi, don haka bari in jera maka su kafaɗa da kafaɗa.

Abin da ya kamata a fara lura da shi, cikin tikitin nan biyu babu wanda ya kai yaron inda zai je. Harbin tana can ƙuryar arewa maso gabashin ƙasar Sin, ita ce babban birnin lardin Heilongjiang wanda ya yi iyaka da Rasha. Daga Beijing zuwa can tafiyar kilomita 1,000 ce da ɗoriya, jirgin sama yana cinye ta cikin awa biyu. Daga Guangzhou kuwa kusan kilomita 2,800 ne, awa huɗu da rabi a sama, wato ya ninka Kano zuwa Legas fiye da sau uku. Rarar da ka gani a tikitin Guangzhou sau da yawa wannan doguwar tafiyar ta cikin gida ce take lashe ta, har ma ta nemi ƙari. Ka ce wa ejan ya buga maka farashi daga Kano har Harbin, lambar filin jirginta HRB, sannan a kwatanta. Kafin a yi haka, farashin da ke hannunka rabin labari ne.

Sai maganar lokacin isa. Jiragen Ethiopian kan bar Najeriya da rana, su sauka Adis Ababa da dare, waɗanda za su Sin su tashi wajen tsakar dare, a yi awa goma ko sha ɗaya a sama. Agogon Sin yana gaban namu da awa bakwai, don haka ko Beijing ko Guangzhou, yamma ce take tarbar mutum. Nan ne bambancin yake fitowa fili. Wanda ya sauka Beijing, bayan layin shige da fice da ɗaukar kaya da kwastam, idan ya kama jirgin magariba ko isha zai taka Harbin kafin tsakar dare. Wanda ya sauka Guangzhou ya bi layuka iri ɗaya, ya ƙara awa huɗu da rabi, zai iske kansa a Taiping, filin jirgin Harbin, dare ya raba. Filin nan yana da nisan fiye da kilomita 30 daga cikin gari. Yaro da bai taɓa ganin ƙanƙara a ƙasa ba, bai iya harshen ba, ga gajiyar yini da kwana, ba zan so ya tsaya neman mota ƙarfe biyun dare a wannan sanyin ba.

Da na ce sanyi, ba irin na Jos ko na Agadas da asuba nake nufi ba. Matsakaicin yanayin Harbin a Janairu yana kusa da digiri 18 ƙasa da sifili, daidai da cikin firizar da ake daskarar da nama, dare kuma yakan sauka ƙasa da haka. Kogin Songhua da ya bi ta birnin daskarewa yake yi har a riƙa yanko tubalan ƙanƙara daga cikinsa ana gina fadoji don bikin ƙanƙara da ake buɗewa 5 ga Janairu kowace shekara. Ƙarshen Fabrairu ya ɗan sassauta, amma dare har yanzu yakan kai digiri 15 ƙasa da sifili. Guangzhou a lokacin tana wajen digiri 14 ko 15 sama da sifili, rigar sanyi marar nauyi ta isa. Beijing tana tsakani, ruwa na daskarewa da dare. Wanda ya bi ta Beijing jikinsa ya sami gargaɗi tun yana fitowa daga jirgi. Wanda ya bi ta Guangzhou yakan ruɗu ya ce ashe sanyin ba wani abu ba ne, ya cusa rigar cikin babban akwati.

Yanzu maganar da ta fi kowacce muhimmanci a wurina: tikiti ɗaya ko tikiti biyu. Ethiopian da Air China suna cikin ƙawancen jirage ɗaya, Star Alliance, kuma gidan Air China shi ne filin jirgin Capital na Beijing, inda Ethiopian take sauka. Saboda haka ba wuya a haɗa Kano, Adis Ababa, Beijing, Harbin a tikiti guda. Amfanin haka biyu ne. Idan jirgin farko ya makara, kamfani ne zai sauya masa na gaba ba tare da ya sake biya ba. Kuma kada a manta watan da za a yi tafiyar, Disamba zuwa Fabrairu lokacin hazo ne a Kano, filin Malam Aminu Kano yakan wayi gari jirgi bai iya sauka ba. Ni haka ta faru da ni wata shekara: hazo ya hana mu tashi, na isa Sin da jinkirin kwana guda, tikitin cikin gida da na saya daban don ganin araha ya bi ruwa, na sake sayen wani da tsada. Ba laifin kowa ba ne, lissafina ne ya gaza.

Amfani na biyu shi ne kaya. Tikitin ƙasa da ƙasa daga Najeriya yawanci akwati biyu yake bayarwa, kowanne kilo 23. Tikitin cikin gida na Sin idan an saye shi shi kaɗai kilo 20 ne kacal a matakin talaka, ƙananan kamfanoni masu araha ma wasu ba su ba da ko ɗaya. Yaro mai kilo 46 zai biya kuɗin rarar kilo 26, kuma ana lissafa kuɗin kowane kilo ne bisa cikakken farashin hanyar, don haka doguwar hanyar Guangzhou ta fi ciwo nesa ba kusa ba. Idan tikiti ɗaya ne, adadin kayan da aka rubuta a kai shi yakan bi mutum har ƙarshe, amma ka sa ejan ya nuna maka a rubuce a layin Harbin ɗin. Ta Guangzhou ma ana iya haɗa tikiti guda, sai dai filin Baiyun gidan China Southern ne, wanda ba ya cikin wancan ƙawancen, don haka jiragen da za su haɗu da na Ethiopian a tikiti ɗaya ba su kai na Beijing yawa ba. Ko da tikitin ɗaya ne, a yawancin lokuta sai mutum ya karɓi kayansa a filin farko ya wuce kwastam ya sake miƙa su. A bar aƙalla awa uku zuwa huɗu a tsakani.

Beijing tana da nata tarkon, kuma mutanenmu da yawa sun faɗa ciki. Filin jirgi biyu ne a birnin. Capital, mai lamba PEK, yana arewa maso gabas. Daxing, mai lamba PKX, wanda aka buɗe a Satumbar 2019, yana can kudu. Tsakaninsu tafiyar fiye da awa ɗaya ce a mota, ga cunkoso. Idan ejan ya sauke shi a PEK ya ba shi jirgin Harbin daga PKX, ya haɗa shi da ɗawainiyar ratsa birni da akwati biyu. A duba haruffan nan uku a layi biyun, su zama iri ɗaya. Wanda ya bi ta Doha da Qatar Airways a Daxing zai sauka, shi jirgin China Southern daga nan ya dace da shi.

Amma Beijing tana da wata ƙofa da Guangzhou ba ta da ita: jirgin ƙasa mai gudu kai tsaye zuwa Harbin. Tun Janairun 2021 aka kammala layin Beijing zuwa Harbin, ana tashi daga tashar Chaoyang, wadda take ɓangaren filin Capital, a isa tashar Harbin ta Yamma cikin awa biyar ko kusa da haka. Idan dusar ƙanƙara ta rikita jirage, wannan mafita ce ta gaske. Daga Guangzhou jirgin ƙasa na kwana ya haura awa 30. Sai dai kada a ɗauka tikitin jirgin ƙasa yana nan yana jira. Ana fara sayar da shi kwana 15 kafin tafiya a manhajar 12306, da lambar fasfo, kuma Fabrairu lokacin turereniyar sabuwar shekarar Sinawa ce. Kwana 40 ake yi ana wannan ƙaura, 15 kafin bikin, 25 bayansa. A 2026 bikin ya faɗo 17 ga Fabrairu, a 2027 kuma 6 ga Fabrairu, ka ga ƙarshen wata yana cikin lokacin da ma'aikata da ɗalibai ke komawa. Jiragen sama na cikin gida ma tsada suke yi a makonnin nan, ƙarin dalili ke nan na a kulle layin Harbin tun daga Kano.

Zan yi wa Guangzhou adalci, don tana da abin da kuɗi ba ya saya: mutanenmu. Shekaru da yawa 'yan kasuwar Kano da Legas da Yamai suna zirga-zirga a unguwannin Xiaobei da Sanyuanli, akwai wuraren cin abincin halal, akwai tsohon masallacin Huaisheng, ba a rasa mai jin Hausa. Idan kana da amintacce a can wanda zai tarbi yaron, ya kwana biyu a hannunsa, a saya masa layin waya, a saita masa Alipay da WeChat tunda kusan komai da waya ake biya, a zaɓa masa rigar sanyi ta kirki, sannan a sa shi a jirgin safe ya isa Harbin da rana tsaka, to wannan hanya ta fi kowacce daɗi. Sharaɗin shi ne amintaccen ya kasance yana gari a makon, domin da yawa sukan dawo gida idan kasuwanni sun rufe don bikin. A kuma tuna duk baƙon da ya kwana a gidan wani sai an yi masa rajista a ofishin 'yan sanda cikin awa 24, otal ne kawai yake yi wa mutum da kansa. Bizar karatu ta X1 tana ba shi kwana 30 daga ranar shiga ya mayar da ita takardar zama, saboda haka ya da zangon kwana biyu ne, ba na mako biyu ba.

Idan babu irin wannan mutum, ni Beijing zan zaɓar wa ɗana, filin Capital, tikiti guda har Harbin, ko da ya ɗara wancan kuɗi.

Kowacce aka bi, akwai abubuwan da ba sa canzawa. Rigar sanyi mai kauri, hula mai rufe kunne, safar hannu, dogon wando na ciki da safa mai kauri su kasance a jakar hannu, don akwati yana iya makara kwana guda, kuma wani lokacin bas ake ɗauka daga gindin jirgi zuwa zaure. Ya saka kaya hawa-hawa, domin cikin gine-ginen Harbin akwai ɗumama daga 20 ga Oktoba zuwa 20 ga Afrilu, mutum zai shiga ya ji gumi. Takalmin ƙanƙara ya bari ya saya can. Fasfo, takardar shiga makaranta, fom ɗin neman bizar karatu JW201 ko JW202 da katin rigakafin shawara su ma a hannu. Ka faɗa wa Hajiya ta yi haƙuri da kilishi da dambun nama da man shanu, dokar Sin ta hana matafiyi shiga da nama da kayan madara, ƙwacewa za a yi. Fawa bank kuma tun 28 ga Yunin 2025 ba a barin wanda ba shi da tambarin CCC, wato shaidar ingancin kaya ta Sin, ya hau jirgin cikin gida, yawancin waɗanda ake sayarwa a kasuwanninmu ba su da shi. Sanyi yana zuƙe cajin waya da sauri, ya riƙe ta a aljihun ciki.

WhatsApp da Google da Facebook ba sa aiki a intanet ɗin Sin, don haka ku buɗe WeChat ku biyu tun yana gida, kada ka kwana kana kira shiru. Ya rubuta adireshin makaranta da rubutun Sinanci a takarda, ya aika wa ofishin ɗaliban ƙasashen waje lambar jirginsa da lokacin sauka tun mako guda kafin tafiya, ya tambaye su ko suna turo mota Taiping. Ya kuma koyi gane alamar 清真 a ƙofar gidan abinci, ita ce halal, akwai Musulmi 'yan ƙabilar Hui a birnin da babban masallaci a unguwar Daowai. Lokutan sallah ma za su ba shi mamaki, a ƙarshen Disamba rana tana faɗuwa a Harbin kafin ƙarfe huɗun yamma, lokacin da zai isa kuwa ta koma wajen biyar da 'yan mintuna.

Idan ejan ya turo sabon farashin har HRB, ka saka hoton layukan tikitin a nan, ka rufe suna da lambar ajiya, in duba maka haruffan filayen da tazarar da ke tsakanin jiragen. Allah ya kai shi lafiya.